Layi Biyu da Injiniya Ya Ɓoye Mana

Ni ba mai riƙe abubuwa ba ne. Shekaru sun ja, gwiwa ta gaji, rabin abin da ya same ni a duniya ya zube a hanya ban ko waiwaya ba. Amma akwai wata rana guda ta damina a Tanut da ba za ta taɓa fita kaina ba, ina jin da ita za a binne ni. Ranar ce na taɓa abin da aka ce kada in taɓa, na lalata shi da hannuna, mota tana tsaye a ƙofa tana jirana, gonar uwata kuma tana cikin abin da na lalata.

Bari in faɗi ko ni wane ne, kada wani ya ɗauka malami ke magana. Aji huɗu na yi a lakwal, wato makarantar boko, aka cire ni aka mayar gona. Faransancin da ke bakina na soja ne da na tasha. A soja wani kofur ya koya mani bugun tafireta don shi ya huta, da wannan ɗan abin na samu aikin daktilo a wani porje, wato shirin agajin manoma, da aka buɗe a Tanut bayan farin tamanin da huɗu. Aikinmu bin sawun fara. Akwai wakilai a ƙauyukan Damargu, daga Gangara zuwa Olelewa har wajen Belbeji, su ke aiko da rahoton inda ɗango ya ƙyanƙyashe, wato ƴaƴan fara da ba su yi fiffike ba tukuna. Ni in buga, a haɗa, a aika Zinder.

Can wajen ƙarshen shekarun tamanin aka kawo mana ordinata, wato kwamfuta. Akwati ne mai nauyi, da allo baƙi mai koren rubutu, da injin buga takarda mai ƙara kamar ana yayyaga atamfa. Wata Banasariya mai furfura ta zo da ita, ta yi mako guda tana haɗawa. Tare da na'urar aka turo mana wani saurayi daga Yamai, mai tabarau da difilom, ya ce a riƙa kiran sa Injiniya. Muka kira shi.

Matar nan mai son bayani ce. Ina durƙushe ina riƙe mata wayoyi, tana yi wa Injiniya magana, ni kuwa kunnena a buɗe. Ta ce tsarin da ke cikin na'urar Unix ake ce masa, kuma a ɗauke ta kamar bara mai ƙarfi amma marar tunani. Kayan aikinta suna ajiye ɗaki-ɗaki. In ka aike ta ta ɗauko wani abu, ɗakunan da ke cikin wani jeri kawai take leƙawa, jerin sunansa PATH. Abin da ba ya cikin waɗannan ɗakuna, ko yana gaban hancinta cewa za ta yi babu. To shirin da ke haɗa rahotanninmu, wanda ta sa wa suna fara, a wani sabon ɗaki ta ajiye shi da ba ya cikin jerin. Ta ce in ka gaya wa na'urar da baki za ta riƙe, amma da ta yi barci ta farka ta manta. Sai dai akwai wata takarda a cikinta mai suna .profile, ita take fara karantawa duk lokacin da ka shiga. Abin da aka rubuta a can ya zauna ke nan. Ta ce wa Injiniya ya sa layin da ke nuna mata sabon ɗakin a ciki don kada ya riƙa wahala kullum. Ya ce to, zai sa. Da ta ga ina leƙe sai ta yi dariya, ta karɓi kayena, ɗan littafin rubutu na ƴan lakwal da nake yawo da shi a aljihu, ta zana mani ɗakunan da sunayensu, kamar yadda ake yi wa yaro zane ya yi shiru.

Injiniya bai sa ba. Ba mantawa ya yi ba, ƙi ya yi, kuma na daɗe kafin in gane dalili.

Kullum da safe in an tayar da gurup, wato injin da ke ba mu kuran, wutar lantarki, sai ya zauna gaban na'ura ya gyara tabarau ya ce, "Daktilo, je ka haɗo mani kafe." Kafin in dawo ya buga abin da zai buga, na'ura ta san ɗakin fara, sai ya tashi ya bar mani aikin jaki, shigar da rahoto. Gurup ɗinmu kuwa tsoho ne, ga man gazuwal da yake sha mai datti. A yini sai ya mutu sau biyu, sau uku. Duk mutuwar da zai yi na'ura ta manta, sai a tashi mutum ya je neman Injiniya, ko yana gida yana barcin rana, ko yana hira a kanti. Ya zo yana jan ƙafa, Darakta da kansa, dattijo ɗan Zinder mai furfura a gemu, yana tsaye yana ce masa sannu da ƙoƙari. Injiniya ma har ya buga takarda ya manna a bango, cewa ba mai taɓa tsarin na'ura sai shi.

Wata rana na dawo da kafe da wuri, na hango layi biyu a saman allo kafin ya share. Daga ranar na daina dafa ruwa har ya tafasa. Yau in kama harafi huɗu, gobe in kama biyar, ina zubawa a kaye. Bayanin da na tsinta kuma da ajami nake rubutawa a gefe, don ko ya gani ya ɗauka addu'a ce. Cikin mako uku na haɗa su cif:

PATH=$PATH:/usr/fara/bin
export PATH

Na ajiye ban gaya wa kowa ba, ban kuma taɓa gwadawa ba.

Daminar shekarar ta yi kyau irin wadda muka manta da ita. Hatsi ya yi ciki, ko'ina kore shar. Sai ɗango ya fito. Wanda bai gani ba ba zai gane ba, ƙasa ce kawai za ka ga tana tafiya. Ana cikin haka aka kira Injiniya wani taro Yamai. Darakta ya roƙe shi ya bar mana yadda ake buɗewa, ya ce kwana biyar ne kawai, kuma abin ba na kowa ba ne. Ya ɗauki jakarsa ya tafi.

Kwana uku da tafiyarsa, da sassafe, rediyon biro, wato ofishinmu, ta yi magana daga Zinder. Jirgin feshi ya samu, gobe da jibi na Damargu ne, daga nan ya wuce wata jiha. Amma matuƙan ba sa tashi da "wajen tsamiyar nan" ko "bayan rijiyar wane". Takardar na'ura suke so, mai lambobin kowane wuri a jere, kuma ta isa hannunsu kafin magariba. Wurin da babu a takarda ba za a fesa ba. Aka nemi Yamai a tarho, ruwan jiya ya kayar da waya. Darakta ya zauna a kujera ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni zan buɗe ta."

Ya dube ni kamar akuya ce ta yi magana. "Kai? Da me?"

Na fito da kaye. Ya kalli kaye, ya kalli takardar da ke bango, ya ce, "Ni ban gani ba, ban ji ba. In ta lalace, kai da Allahnka."

Na buga layi biyun. Na rubuta fara. Ta amsa. Wallahi sai da na ji ƙwalla. Kafin hantsi na fitar da takardar ɓangaren Gangara, injin yana ta yage-yagensa, Darakta ya mayar da hula kai. Saura na Olelewa da Belbeji, wanda wakili ya iso da shi a babur yanzun nan, jiƙe da taɓo. A ciki akwai ƙauyenmu. Na ga sunan fadamar da gonar innata take, da hannun wakilin, an ja layi biyu a ƙarƙashi.

Ina tsakiyar shigarwa gurup ya yi tari ya mutu. Aka tayar, na'ura ta manta, na sake buga layin. Ban yi nisa ba ya sake mutuwa. A karo na uku ina riƙe da kayen sai tunani ya zo mani. Na ce ashe yanzu ni ne Injiniya. Asirin ya tashi daga kansa ya koma aljihuna, shi ke nan abin da ya sauya. Gobe in ciwon ciki ya kwantar da ni, ko a tura ni daji in nuna wa masu yi wa jirgi alama da tuta gonaki, haka za su zauna suna kallon allo.

Na ce wa Darakta zan sa layin a takardar da take karantawa in ta farka, yadda matar nan ta ce tun farko.

Ya miƙe tsaye. "A'a! Malam daktilo, ka rufa mani asiri. Abu yana tafiya, bar shi ya tafi. Ka gama takardar nan tukuna."

Gaskiyarsa ce, yau na sani. Da na bari na gama, da la'asar sai in yi abin da zan yi a natse. Amma shekara guda ina dafa kafe ana rufe mani ƙofa, zuciya ta riga ta hau. Na ce, "Ranka ya daɗe, shekara guda muna bara a cikin bironmu. Yau za ta ƙare." Na buɗe .profile a gabansa da vi, abin da nake shigar da rahoto da shi kullum.

A nan girman kai ya shige ni, irin wanda nake zagin Injiniya a kansa. Na kalli layin farko na ce, tsofaffin ɗakuna ai ta san su, da su ta zo daga ƙasarsu, sabon ne kawai take mantawa. Mutum in ka nuna masa sabuwar rijiya ai ba ya manta tsohuwa. Sai na ga ba sai na wahalar da ita ba, na cire guntun nan na tsakiya, wato $PATH, na rubuta sabon ɗaki shi kaɗai:

PATH=/usr/fara/bin

Na ajiye, na fita, na sake shiga don Darakta ya gani da idonsa. Na rubuta fara, ta amsa nan take ba tare da na buga komai ba. Na juya ina murmushi. Sai na kira vi don in ƙarasa rahoton, ta ba ni kalma biyu na Ingilishi da na riga na sani kamar sunana, not found. Babu. Na ce ta nuna mani takardun da ke ciki, babu. Na ce fara ya buga abin da ya samu, ya fara, ya nemi mai jera masa sunaye babu, ya nemi mai kai wa injin bugawa babu, ya tsaya. Ashe ba mutum ba ce. Na ce mata ɗaki guda ne a duniya, ta yarda, ta zubar da sauran duka. Guntun da na raina shi ne ke cewa, a kan waɗanda kika sani, ƙara wannan.

Na yi sauri na buga layi biyun Injiniya daga kaye. Ba abin da ya sauya. Yaya za a yi ya sauya? Cewa yake ta ƙara a kan abin da ta sani, abin da ta sani kuwa yanzu ɗaki guda ne. Na kashe na kunna, ta farka ta karanta ɓarnata da kyau, kamar yadda na so. Abin da na rubuta don ya zauna, ya zauna. Kuma abin da zan goge shi da shi yana cikin abubuwan da ta manta.

Aka kira azahar. Darakta bai zage ni ba, da ma ya zaga. Cewa kawai ya yi, "Ƙauye nawa ne a takardar da ba ta fito ba?" Na faɗa masa. Ya ce, "Har da naku?" Na ce har da namu. Ya fita alwala.

Direbanmu wani tsohon Ba'abzine ne daga arewacin Belbeji, abokin wasana, kullum muna tsokanar juna. Ya gaji da zama a mota ya shigo da rawaninsa da butar shayi. Ya ce, "Kai ɗan hatsi, in la'asar ta yi ban tashi ba, sai dai ka kai takardar da ƙafa. Me ka yi wa amaryar Injiniya take fushi?"

Na ce, "Tsoho, bar ni. Ta manta inda kayan aikinta suke."

"Sun ƙone ne?"

"Suna nan."

"An sace?"

"Na ce maka suna nan, ita ce ba ta san inda suke ba."

Ya tsiyaya shayi daga sama, bai ko dube ni ba. "To kai ma ka manta? Ni in raƙumi ya ɓace wa rijiya ba na zama in yi masa kuka. Akala nake kamawa in kai shi har baki. Ku mutanen gona komai sai kun yi taro."

Na buɗe baki zan rama, sai maganarsa ta shige ni. Na juya kaye baya, shafin da Banasariya ta yi mani zane. Ga ɗakunan nan da hannunta, /bin, ga /usr/bin. Na tuna ta ce in ka faɗi sunan abu tun daga ƙofar gida, ɗaki bayan ɗaki, ba ta buƙatar jeri. Ban san a wane ɗaki vi yake ba. Na gwada na farko, babu. Gumi yana ɗiga a kan maɓallan. Na rubuta /usr/bin/vi .profile na danna.

Ta buɗe. Ga layina nan kwance, gajere, marar kunya.

Na mayar da guntun da na cire, harafi bayan harafi, yatsa ɗaya a kaye ɗaya a na'ura. Na duba sau uku, na sa direba ya riƙe mani kayen kusa da allo ko da yake ba ya karanta boko. Na tabbatar export PATH yana ƙasa. Na fita na shiga. Na kira vi, ya zo. Na kira fara, ya zo da mutanensa duka. Sai gurup, kamar yana jira, ya mutu. Direba ya ce innalillahi. Aka tayar, na'ura ta farka, ban taɓa kaye ba, na rubuta fara kawai, ta amsa. Darakta yana tsaye a ƙofa da ruwan alwala a gemu, ya ga wannan da idonsa.

Ban yi azahar ba sai da takarda ta fito. Direba ya soke ta a cikin riga, ya ce in jirgi ya fesa masa raƙuma ni zai kama, ya tayar da mota ana kiran la'asar.

Jirgi ya zo. Ba zan yi ƙarya in ce an ceci komai ba, fara ta ci inda ta ci. Gonar innata gefen gabas ya tafi, sauran ya tsaya.

Injiniya ya dawo ranar Asabar. Litinin da safe ya zauna ya gyara tabarau ya ce in je in haɗo kafe. Na ce, "Musye, yau ba kafe. Ta riga ta buɗe." Ya duba, ya duba, fuskarsa ta sauya. Ya ce wa ya ba ni izinin shiga tsarin na'ura, da wane difilom, na san da na lalata ta kuɗinta ya fi albashina na shekara goma? Na ce na lalata ta kuwa, na kuma gyara, kuma ko yanzu aka mayar da ni ranar zan sake, sai dai wannan karon in gama takarda tukuna. Na ce, "Ita matar cewa ta yi ka sa. Ina wurin, ni ke riƙe da waya. Ka bar hatsin mutane a bakin fara don a riƙa zuwa gidanka ana sallama."

Ya goge layin. Da ya fita cin abinci na mayar. Ya sake gogewa, na sake mayarwa. Rana ta uku na samu alli na rubuta layi biyun a bango da manyan haruffa, daidai ƙarƙashin takardarsa ta hani, na ƙara da sunan .profile da yadda ake shiga. Na kira mai gadi da wakilin Gangara na nuna musu. Injiniya ya kai ƙara wurin Darakta, dattijon ya ce shi idonsa ba ya ganin rubutun alli. Sai Injiniya ya rubuta Yamai.

Takardar hukunci ta yi wata biyu a hanya, kamar kowace takarda ta Yamai. An dakatar da ni kwana takwas saboda taɓa kayan aiki ba da izini ba. Ta iso daidai kaka. Na karɓa na sa hannu, na hau motar kasuwa zuwa Olelewa. Kwana takwas ɗin nan a gonar inna na yi su, ina yankan hatsin da ya tsira, tana bina a baya tana ɗaure dami tana tambaya wane irin biro ne mai kirki haka da ke sallamar mutum lokacin girbi.

Porjen ya daɗe da rufewa, na'urar ban san inda ta ƙare ba, Injiniya na ji ya zama babba a wani wuri, Allah ya ƙara masa. Ni abin da ranar ta koya mani ban same shi a lakwal ba. Na koyi cewa in za ka ƙara sabo kada ka zubar da na da, wannan da gumina na saye shi. Amma babban shi ne, sanin da rayuwar mutane ta rataya a kansa ba a ajiye shi a kan mutum ɗaya, ko kan nawa ne. Mutum yana tafiya Yamai, yana ciwo, yana mutuwa, fara kuwa ba ta jiran kowa ya dawo. Ka rubuta shi inda za a same shi ran da ba ka nan, in sun ga dama su dakatar da kai.